Babi na Biyar: Aljihu Biyu, Ma'aji Ɗaya

Sau biyu a shekara, a watan Janairu da watan Yuli, wata takarda kan taso daga garin Evanston na jihar Illinois a Amurka, ta nufi kowane kulob ɗin Rotary da ke duniya. Ba ta gaisuwa ba ce, ta bashi ce: ga yawan mutanen da ke rajistarku, ga abin da za ku biya a kan kowannensu, kuma da dalar Amurka. Ba ruwan takardar da cewa Alhaji wane ya yi wata huɗu bai leƙo taro ba, ko an yi wa likitan da ya fi kowa sakin hannu canjin wurin aiki. Muddin sunan mutum yana cikin rajista ranar ɗaya ga wata, bashinsa ya hau kan kulob. Wanda takardar ke faɗowa a hannunsa shi ne ma'aji, bawan Allah da ba a biyansa ko sisi, wanda sau da yawa ya karɓi muƙamin ne saboda ranar zaɓe kowa ya sunkuyar da kai.

Daga nesa Rotary giwa ce. Tana da mambobi wajen miliyan 1.2, ta kuma zuba sama da dala biliyan 2 a yaƙi da cutar shan inna. Amma idan aka raba mambobin nan a kan kulob-kulob sama da 35,000, sai a ga kowane kulob mutum talatin da 'yan kai ne kawai, da yawa ma ba su kai ashirin ba. Giwar ashe taron tururuwa ce. Kuma kowace tururuwa da nata littafin shiga da fita, wanda ba kowa ke buɗewa ba sai ranar da abu ya ɓaci.

Farkon abin babu ma littafin. Ranar 23 ga Fabrairun 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna a wani ofis a Shikago da abokansa uku: mai sayar da kwal, injiniyan ma'adinai, da tela. Yau a ofishin wannan, gobe a na wancan, daga wannan zagayen sunan ƙungiyar ya samo asali. Ba hayar zaure, ba albashin kowa. Ɗan abin da ake kashewa daga tarar da ake ci wa wanda bai zo taro ba yake fitowa. Ko aikin gayya na farko da suka shahara da shi, wato fafutukar gina ban-ɗakin jama'a a tsakiyar birnin a 1907, bakinsu da sanayyarsu suka fi yin aiki a kai, ba aljihunsu ba.

A 1917, a babban taron ƙungiyar a Atlanta, shugabanta Arch Klumph ya kawo shawarar a kafa asusu na dindindin don ayyukan alheri. Gudummawar farko daga kulob ɗin Kansas City ta zo: dala 26 da santi 50. Sai da aka shekara goma sha ɗaya kafin asusun ya ɗan haura dala 5,000, aka raɗa masa suna Gidauniyar Rotary a 1928. Bai yi ƙiba ba sai bayan rasuwar Paul Harris a 1947, lokacin da mambobi suka aiko da sama da dala miliyan ɗaya don tunawa da shi. Shekara talatin ke nan asusun yana rarrafe. Masu kafa gidauniya yau su sa ran gina asibiti baɗi ba sa son jin wannan ɓangaren tarihin.

Abin da ya fi muhimmanci a littafin ƙaramin kulob shi ne aljihunsa biyu. Ƙungiyar Lions, wadda Melvin Jones ya kafa a 1917 ita ma a Shikago, ta fi kowa tsaurara wannan ƙa'ida. Aljihu na farko na gudanarwa ne: kuɗin da mambobi ke biya daga jikinsu, da tara, da ɗan abin da ake tarawa a tsakaninsu. Daga nan ake biyan uwar ƙungiya, hayar wurin taro, takardu, abincin baƙo. Aljihu na biyu na ayyuka ne: duk kobon da aka karɓa daga jama'a da sunan taimako. Wannan dole ya koma ga jama'a, har da ribar da ya haifa a banki. An yarda kuɗi ya tashi daga aljihun gudanarwa ya faɗa na ayyuka. Ba a yarda ya biyo hanyar a juye ba.

A takarda abin mai sauƙi ne. A zahiri nan ne ciwon yawancin ƙananan ƙungiyoyi ke farawa, kuma ba da sata yake farawa ba. Takardar Yuli ta iso, mutum bakwai ba su biya ba, a asusun ayyuka kuwa ga kuɗin rijiyar burtsatse zaune, mai haƙa ya ce sai bayan damina. Sai wani dattijo a kwamiti ya ce, "Ma'aji, a ara daga can mana, kafin Oktoba ai sun biya." Kowa ya gyaɗa kai, don maganar ba ta yi kama da laifi ba. Oktoba ta zo, uku suka biya, biyu suka daina ɗaukar waya. Janairu wata takardar ta sake isowa. Bayan shekara uku kulob ɗin yana da rahoton da ke nuna kuɗi a banki, alhali rabin kuɗin na wata unguwa ne da har yau take sayen ruwa a wajen 'yan garuwa.

Shi ya sa adadin da ma'aji ke karantawa a ƙarshen shekara, a tafa masa, bai cika faɗin gaskiyar lafiyar kulob ba. Adadin da ke faɗin gaskiya shi ne na kawunan da ke biya.

A ɗauki misali don lissafi kawai. Kulob ne da ke kashe naira miliyan 2.4 a shekara a kan abubuwan da ba sa raguwa ko mutum nawa ne suka zo: zauren otal, bugun takardu, kuɗin rajista, cajin banki, gudummawar taron gunduma. In mambobi arba'in ne, kowa naira dubu sittin ta hau kansa. In suka koma ashirin da huɗu, ta zama dubu ɗari, ba tare da an ƙara ko kujera ɗaya ba. Ƙarin dubu arba'in ɗin nan shi zai kori malamin makaranta da matashin akanta, waɗanda dama da ƙyar suke kaiwa. Su kuwa suna fita, kason waɗanda suka rage ya sake hawa. Kulob ba ya faɗuwa rana ɗaya kamar katangar da ruwa ya ci. Zaizayewa yake yi, mutum biyu bana, uku baɗi, har ya zama saura attajirai shida masu furfura da ke iya biyan komai amma ba mai ƙarfin ɗaukar buhun shinkafa zuwa gidan marayu.

Wani ƙaramin kulob a garin Duarte na jihar Kalifoniya ya tsinci kansa a wannan siraɗin a shekarun 1970. Mambobi sun ragu, garin ƙarami ne, kuma da yawa daga masu riƙe da muƙaman da suka cancanci shiga, musamman a makarantu, mata ne. A 1977 kulob ɗin ya karɓi mata uku. Dokar ƙungiyar a lokacin ta ce maza zalla, don haka a 1978 uwar ƙungiya ta ƙwace takardar shaidarsa. Suka ci gaba da taronsu, suka maƙala wa sunansu kalmar da ke nufin "tsohon", suka kuma garzaya kotu. Ranar 4 ga Mayun 1987 Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya. A shekarar ce Sylvia Whitlock ta zama shugabar kulob ɗin, mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera, a 1989 kuma majalisar dokokin Rotary ta buɗe ƙofa ga mata a duk duniya. Ana ba da labarin a matsayin nasarar 'yancin mata, kuma haka ne. Amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya zai hango ɗaya fuskar: kulob ne da kujerunsa suka yi yawa, mutanensa suka yi kaɗan.

Ba Duarte kaɗai ba ce. A 1995 masanin siyasa na jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya wallafa maƙalar da daga baya ta zama littafinsa na shekarar 2000 a kan yadda Amurkawa ke janye jiki daga ƙungiyoyi. Alƙaluman da ya kawo sun nuna Lions ta yi asarar kashi 12 cikin ɗari na mambobinta a ƙasar tun daga 1983, ƙungiyar matasan 'yan kasuwa ta Jaycees kuwa kashi 44 tun daga 1979. Talabijin, doguwar tafiya zuwa wurin aiki, da sauyin zamani tsakanin iyaye da 'ya'ya, duk ya lissafa su. Jimillar mambobin Rotary ta duniya ta daɗe tana tsaye wajen miliyan 1.2, amma tsayuwar ta ruɗi ce: ana raguwa a Amurka da Ingila da Ostareliya, ana ƙaruwa a Indiya da wasu sassan Asiya da Afirka.

Sai matsalar mantuwa. Shekarar Rotary tana farawa ranar 1 ga Yuli, ta ƙare 30 ga Yuni, kuma kowace shekara sabon shugaba ake naɗawa. Hikimar a bayyane take, ba a son kowa ya mayar da kulob gonar gado. Illar ita ce kowane shugaba wata goma sha biyu kawai yake gani. Yana so a ce a zamaninsa aka yi kaza, don haka ajiyar da magabata suka tara a hankali ita ce abu na farko da idonsa ke sauka a kai. Ba wanda ke ɗora littattafan shekara goma a kan tebur ɗaya ya ga inda layin ya nufa. Ma'aji ya sauka, ya miƙa wa magajinsa jakar leda cike da rasit, wani lokaci ma ba tare da an canja sa hannu a banki ba.

Abin da wannan sakaci ke jawowa ya fito fili a Amurka. Wata doka ta 2006 ta wajabta wa ƙananan ƙungiyoyin sa-kai su riƙa aika wa hukumar haraji ɗan gajeren bayani kowace shekara ta intanet, abin da bai fi cike katin gaisuwa ba. Wanda ya yi shekara uku a jere bai aika ba, rangwamen harajinsa ya faɗi kai tsaye. A watan Yunin 2011 hukumar ta fitar da sunayen ƙungiyoyi wajen 275,000 da abin ya shafa. Da yawansu sun riga sun mutu ba a yi musu jana'iza ba. Amma akwai masu rai a ciki, waɗanda laifinsu kawai shi ne tsohon ma'aji ya ɗauka sabo zai aika, sabo kuma bai san akwai abin aikawa ba. A Najeriya ma ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu da Hukumar Rajistar Kamfanoni tana da bayanin shekara-shekara da doka ta ɗora mata, kuma ranar da aka je banki sabunta takardu ne akan gano shekara nawa aka yi ba a kai ba.

Kulob ɗin Rotary na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi, a 1961, kafin na Legas. Daga cikinsa ne lauya Jonathan Majiyagbe ya fito ya zama shugaban Rotary na duniya a 2003 zuwa 2004, ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar. Ikon Allah, a daidai wannan lokacin ne aka dakatar da riga-kafin shan inna a jihar Kano, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004. Wannan labari ne na wani babin. Abin da ya shafi ma'aji shi ne cewa kulob a Kano ko Kaduna ko Jos yana da wani ciwon da takwaransa na Kalifoniya bai sani ba: da naira yake tara kuɗi, da dala ake binsa.

A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Daga 1986, da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na zamanin Janar Babangida, ta fara gangarowa, masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, manajoji da injiniyoyin da irin waɗannan ƙungiyoyi ke ɗiba a cikinsu suka ragu. Sai kuma ga wani babban tsalle daga 2023. A shekarar Rotary ta 2022 zuwa 2023 kuɗin uwar ƙungiya dala 71 ne a kan kowane mamba. A farashin gwamnati na lokacin, wajen naira 460 kowace dala, abin bai kai naira dubu 33 ba, ko da yake wanda ya nemi dalar a kasuwar canji ta Wapa ya biya fiye da haka. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, makonni kaɗan bayan cire tallafin mai. A shekarar 2024 zuwa 2025 kuɗin ya koma dala 78 da rabi, dala kuma tana wajen naira 1,500. Lissafi ya kusa naira dubu 118. A Evanston ƙarin dala bakwai da rabi aka yi. A Kano an ninka kuɗin fiye da sau uku, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, kuma wannan kafin a zo kan kuɗin gunduma da na kulob ɗin kansa.

Maƙwabta a Yamai sun ɗanɗana irin wannan tun a Janairun 1994, ranar da aka kwana aka tashi an rage darajar sefa da rabi. Bambancin shi ne tasu ta zo sau ɗaya, daga baya kuɗin ya zauna a jingine da yuro.

To ina kuɗin ayyuka ke fitowa? A Amurka da Ingila galibi daga sayar da abinci ne a bikin gari, ko wasan gwanjo, ko gasar gudu. A Najeriya babbar ranar ita ce bikin naɗa sabon shugaba. A kama zaure, a buga kati, a gayyato babban baƙo da uban taro da mai ƙaddamarwa, kamar dai yadda ake yi a ƙaddamar da littafi ko gidauniyar masallaci. Mai sanarwa ya ɗaga murya, wane ya ba da miliyan ɗaya, a tafa. Washegari ma'aji ya zauna da biro. Zaure ya ci nasa, mai abinci ya ci nasa, mai ɗaukar hoto da mai kiɗa sun karɓa. Miliyan ɗayan kuwa alkawari ne, ba kuɗi ba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, sai dai a nan ma'aji ne ke ɗaukar kayan, yana zarya ofishin mai alkawarin har sakatare ta gane takunsa. Kulob ɗin da ke rubuta alkawari a layin kuɗin shiga ya riga ya fara yaudarar kansa.

Dogaro da rana ɗaya a shekara yana da nasa haɗarin, kuma 2020 ta nuna shi. Da annobar korona ta hana taruwa, kulob-kulob da yawa suka wayi gari babu bikin da ke ciyar da ayyukansu. Abin mamaki, wasu sun ga aljihun gudanarwarsu ya yi nauyi, domin taro ya koma ta waya da kwamfuta, ba hayar zaure, ba farantin abinci. Nan ne da yawa suka gane cewa abin da ya fi cin kuɗin mambobi shekara da shekaru ba taimakon kowa ba ne, abincin rana ne. Dama tun 2016 majalisar dokokin ƙungiyar ta sassauta, ta ce taro sau biyu a wata ya wadatar, kuma kulob ya zaɓi yadda zai yi shi. Waɗanda suka koma shan shayi a ofishin ɗaya daga cikinsu sun koma inda Paul Harris ya faro ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Akwai inda tsabtar littafi ke zama kuɗi a hannu. Gidauniyar Rotary tana juya gudummawar shekara-shekara na tsawon shekara uku kafin ta raba ta, wani kaso ya koma hannun gundumomi, wani ya shiga asusun duniya. Daga nan ake ba da babban tallafi na ayyukan da kasafinsu ya kai dala 30,000 zuwa sama. A canjin naira 1,500 kowace dala wannan ya haura naira miliyan arba'in, abin da kulob mai mutum ashirin ba zai tara ba ko ya shekara biyar yana naɗa shugabanni. Amma sharuɗɗan ba wasa: abokin tarayya daga wata ƙasa, asusun banki na musamman don aikin kaɗai, mutum biyu masu sa hannu, rahoto a kan lokaci, da adana kowane rasit na aƙalla shekara biyar. Kulob ɗin da ya saba ara daga wannan aljihu ya zuba a wancan ba zai tsallake wannan ƙofa ba. Sau da yawa abin da ya raba kulob mai gina ɗakin haihuwa da mai raba sabulu a asibiti ba yawan attajirai ba ne, wata mata ce ko wani ɗan tsamurmurin akanta da ya ƙi sa hannu a cek sai ya ga takarda. Ba a cika son irinsu a kwamiti ba. Ana ce musu masu taurin kai.

Idan abu ya ƙi, ƙarshen ba shi da hayaniya. Ana buƙatar adadin mutanen da doka ta ƙayyade kafin a kafa sabon kulob, amma ba a buƙatar kowa kafin tsoho ya mutu. Kulob ɗin da ya wuce kwana 120 bai biya takardar uwar ƙungiya ba yana iya rasa shaidarsa. Wasu ba sa jira a kai nan: su haɗe da kulob na kusa, ko su kira taron ƙarshe, su biya bashin da ake binsu, su miƙa ragowar kuɗin ga gidauniya ko wata makaranta, wani ya tafi gida da ƙararrawar da shugaba ke bugawa a buɗe taro.

Waɗanda suka rage kuwa suna nan suna lissafi. A shekarar 2025 zuwa 2026 kuɗin ya kai dala 82, wato dala 41 kowane wata shida. Shi ya sa a makon ƙarshe na Disamba, lokacin da kowa ke harkar hutu da bukukuwan aure, ma'aji da sakatare ke zaune da rajista a gabansu suna bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya biya. Wannan ya ce a ƙarshen wata. Wannan tsohon shugaba ne, shekara ashirin yana cikin kulob, rabonsa da biya tun kafin azumi, kuma dole wani ya kira shi kafin ɗaya ga Janairu ya tambaye shi ko a bar sunansa.